Wayar da na Kitsa a Cikin Bulalar Lawali

Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen Ƙaura da suka san ni za su gane ni tun kafin su gama wannan shafi, waɗanda ba su san ni ba kuwa sunan ba zai ƙara musu komai ba. Abin da nake so ku sani, ku matasa, shi ne ban taso ina ɗan iska ba. Ni baduku ne ɗan baduku. Na yi karatun Alƙur'ani, na gama firamare, kuma akwai lokacin da in na shiga taro ba wanda yake gyara zama don kada kafaɗarsa ta taɓa tawa.

Rumfarmu tana bakin hanyar da take fita zuwa filin sukuwa. Ni da mahaifina, wanda kowa yake kira Baba, muna gyaran linzami da majayi, muna ɗinka kuben wuƙa, amma abin da aka fi sanin mu da shi bulalar mahaya ce. Siraran fata ake yankawa a jiƙa, a kitsa su kamar yadda mata suke kitso, in an kai ƙarshe sai a rufe da wani ƙulli da Baba ya gada wurin nasa uban. Ana yin sa ne fatar tana jiƙe. In ya bushe kuwa ko haƙori ba ya kwance shi, sai dai wuƙa. Ranar da ya koya mini ya ce, "Wanga ƙulli ba ya kwancewa, ka riƙa duba aikinka kahin ka ruhe." Na ce to, hankalina yana kan tuwo.

Lawali abokina ne tun muna yi wa awaki ciyawa. Gajere ne, siriri, ba nauyi, irin jikin da masu dawaki suke nema ido rufe. Ni ina ce masa Tsinke, shi yana ce mini Baduku, har mutane suka manta ina da wani suna. Da ya tashi aure ƙanwata Rabi ya nema, ni na kai maganar wurin Baba. Lawali ne yake hawa wa wani Bafulatani na wajen Jangeru, Alhaji Jaɓɓi, wani jan doki da ake kira Ɗan Bikili. A shekarun nan daga Ƙaura zuwa Shinkafi zuwa Zurmi, in aka ce Ɗan Bikili yana cikin layi, sauran masu dawaki na biyu suke nema.

Lawali yana da wani hali da ya bambanta shi da sauran mahaya: ba ya dukan doki. Yana riƙe bulala kamar kowa, kuma a wurinmu yake saye, amma in an zo kwanar ƙarshe sai dai ya kaɗa ta kusa da kunnen dokin, ya kwanta a wuyansa yana yi masa magana. Na taɓa tambayarsa me yake gaya masa. Ya yi dariya ya ce, "Sirrinmu na, Baduku. Kai dai ka yi ta kitsonka."

To a lokacin nan kwamitin sukuwa ya fito da dokar bulala, don masu dawaki sun gaji da ganin ana dawo musu da dabbobi jina-jina. Aka ce daga kwanar ƙarshe kada mahayi ya wuce bugu biyar. Kafin a tashi, alƙalai za su duba bulalar kowa su lanƙwasa ta. Bayan an sauka kuma za a shafa wa kowane doki farin ƙyalle a kwiɓi da cinya. In ƙyallen ya fito da jini an cire dokin ke nan, ko da shi ya zo na ɗaya, sai a ba wanda ya bi masa. Ku riƙe wannan dokar, don a kanta na gina halakata.

Kusa da rumfarmu akwai wata bishiyar dogon yaro da mai shayi a ƙarƙashinta. Nan ne majalisar masoya dawaki. Bayan la'asar za ka ga direbobi, da malamin makaranta, da mahauta, da waɗanda ko jaki ba su taɓa hawa ba, kowa ya zama gwani. A kunna bidiyon sukuwar da ta wuce a waya, a mayar da shi baya sau goma. Wannan ya ce mahayin wane ya saki linzami da wuri, wancan ya ce ƙarya ne, makara ya yi. Wani ya rantse ya ƙirga bugu bakwai alƙalai suka kau da kai. Malamin makarantar nan yana cewa dokar jinƙai ce, wani mahauci kuma yana cewa, "Doki ba ɗiyan mutum ba na, in ba a buga ba mi za ya sa shi gudu?" Har kiran magariba ba a rabuwa. Ina son majalisar nan kamar raina, domin a nan ne kaɗai ake yin shiru in na buɗe baki. Ai ni nake taɓa kayan dawakin da hannuna.

Caca ta shigo mini ne da kofin shayi. Muka yi gardama da wani direba kan dokin da zai ci a Zurmi, ya ce wanda ya faɗi ya sayi shayi da burodi. Na ci. Na sha shayin nan ana yi mini kirari, wallahi har yau ban sha wanda ya kai shi daɗi ba. Daga shayi muka koma katin waya, daga kati muka koma kuɗi. Ba wanda yake kiran abin caca, don kowa ya san hukuncinta. Cewa muke yi goyon baya. "Wa kake goya wa baya?" Da wannan sunan mai kyau na yi ta shiga har ruwa ya kai mini wuya.

Mai riƙe kuɗin jama'a wani mutum ne, Audu, mai fara'a da sanyin murya, kullum da farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Shi ya fara lura da amfanina. Mahaya da masu kula da dawaki suna zama a rumfarmu a gyara musu kaya, suna hira ba sa ɓoye komai, don sun ɗauke mu 'yan gida. Wane doki ne ya ƙi cin dawa, wanne ne yake ɗingishi da safe, duk a kunnena. Audu ya ce ba ya son komai, in dai riƙa gaya masa lafiyar dabbobi. Ya fara ba ni ɗan na goro. Na gaya wa kaina ai ba sata na yi ba, magana ce kawai. Bayan haka na sayar da fatun da Baba ya ajiye na zuba a kan wani doki, aka cinye, na ce masa gara ce ta ɓata su na zubar. Ya dube ni ya daɗe, ya koma kan ɗinkinsa. Da ma ya mare ni a ranar.

Sai aka yi wata sukuwa a Zurmi da Ɗan Bikili ya zo na biyu. Wani baƙin doki da aka kawo daga Maraɗi, Akawal, ya wuce shi da ɗan abin da bai kai tsawon wuya ba. Mahayin Akawal ya yi bugunsa biyar cif, Lawali kuwa ko ɗaya. Majalisa ta kama da wuta. Wasu suka ce da ya buga sau ɗaya da ya ci, wasu suka ce dokin ne bai da lafiya. Aka sa ranar ramuwa a filin Ƙaura bayan an gama girbin gero, kuma kusan kowa a garin Ɗan Bikili yake goya wa baya, saboda namu ne.

Audu ya same ni a rumfa ranar da Baba ba ya nan. Ya ɗauki wata bulala yana juya ta, ya ce, "Baduku, in Bikili yac ci, amma ƙyalle yaf fito da jini, wa aka ba?" Na ce Akawal. Ya ce, "To. Ba a son kowa ya ji ciwo. Ɗan ƙwarzane ɗai aka so." Na ce ai Lawali ba ya duka. Ya yi murmushi ya ce, "Kai da kake da baki a majalisa?" Ya faɗi rabon da zan samu. Ba zan maimaita shi a nan ba, don kada wani yaro ya karanta ya ga kamar ya kai a yi. Bai kai ba.

Na ce masa zan yi tunani. Gaskiyar magana tun kafin ya fita daga rumfar na riga na san irin wayar ƙarfen da zan yi amfani da ita.

Aikin ya kasu biyu, kuma na baki na fara. Sati uku ina zama a ƙarƙashin dogon yaron nan ina hura wuta. Ba na zagin Lawali kai tsaye, ai surukina ne. Sai dai in yi ajiyar zuciya in ce, "Ni dai tausayin Alhaji Jaɓɓi nika ji, shina ciyad da doki wani shina yi mai waƙa a kunne." A yi dariya. Gobe in ce na ji mahayin Akawal yana cewa mahayan Ƙaura hannunsu na lalle ne. Ƙarya ce, ni na ƙirƙira. Kafin sati biyu yara suna bin Lawali a hanya suna kiran sa Mai Lalle. Malamin makarantar nan kaɗai ya tsaya masa, ya ce mutumin da ya ci sukuwa goma ba bugu ba ya buƙatar shawararmu. Muka yi masa ca har ya daina zuwa.

Wata rana Lawali ya zo rumfa fuskarsa ba walwala. Ya ce, "Baduku, kai ma kana ganin in buge shi?" Na ɗaga kafaɗa na ce, "Bugu guda ba ya kashe doki, Tsinke. Ka ruhe bakin mutane." Sai ya ce in kitsa masa sabuwar bulala, tsohuwar ta saki.

Ranar Alhamis Baba ya tafi kasuwar Shinkafi sayen fata. Da hantsi na zauna ni kaɗai, na warware tsohuwar wayar birkin babur na zaro silala uku masu ƙarfi. Na kitsa su tare da fatar tun daga tsakiya. Wajen baki na lanƙwasa kawunansu suka kwanta a ƙarƙashin kitson, yadda in ka shafa da hannu ko ka lanƙwasa ba za ka ji komai ba, sai an yi bugu mai ƙarfi za su leƙo. Sauran jelar wayar na tura ta cikin ƙullin gidanmu na ɗaure, na shafe da man kaɗe. Ban taɓa yin bulala mai kyau irin wannan ba. Abin da ya fi ba ni kunya yau shi ne na ɗaga ta a rana ina jin daɗin gwanintata.

Ranar sukuwa filin ya cika maƙil. Alƙali ya karɓi bulalar ya lanƙwasa, ya ce aikin gidan Baba ba ya buƙatar dubawa. Lawali ya wuce ta gabana a kan Ɗan Bikili ya ɗaga mini ita. Na ce masa Allah ya kiyaye. Da bakina na faɗa.

Aka tashi. Har zagaye na ƙarshe Bikili da Akawal suna kafaɗa da kafaɗa. Da suka shiga kwana jama'a suka ɗauki ihu, "Buga! Buga, Mai Lalle!" Ni ma ina cikin masu ihun. Na ga ya kaɗa bulalar a kunnen dokin kamar yadda ya saba, sau ɗaya, sau biyu. Sannan ya ɗaga hannu sama ya sauke.

Ni da Audu mun yi lissafin jini a ƙyalle. Ba mu yi lissafin dokin da bai taɓa sanin duka ba. Ɗan Bikili ya yi wata irin ƙara da ban taɓa jin doki ya yi ba, ya zabura gefe da dukan gudun da yake yi, ya afka cikin turakun da aka kafa a bakin fili. Na ga Lawali a sama, na ga ya sauko da baya a kan turke. Dokin ya yi ƙoƙarin tashi, ƙafarsa ta gaba tana reto. A nan filin aka yanka shi, Alhaji Jaɓɓi yana riƙe da kansa yana kuka kamar yaro, dattijo mai furfura.

Ba a ma nemi farin ƙyalle ba. Wani ya tsinci bulalar, ga kawunan waya uku sun fito da gashin doki a jiki. Kafin motar da ta ɗauki Lawali ta isa asibiti a Gusau, gari ya gama yanke hukunci: ya ji zafin gorin da ake masa, ya soka waya a bulala don ya ci ta kowane hali. Mutanen da suka yi ta ihun ya buga su ne suka fara tsine masa. Aka tambaye ni, na ce ni lafiyayyar bulala na sayar masa, abin da ya yi da ita bayan nan shi ya sani. Akawal ya ci. Audu ya aiko mini da rabona a cikin leda, na tura ta ƙarƙashin tarin fatu, ban iya ko buɗe ta ba.

Likita ya ce ƙashin baya ya karye, Lawali ba zai sake takawa ba. Sati biyar ina zuwa asibitin nan da kwanon abinci. Rabi, da cikinta na fari, tana ce mini, "Yaya, Allah shi bar zumunci, kowa ya guje mu sai kai." In na shiga ɗakin, Lawali sai ya juya fuska bango. Na ɗauka ciwo ne. Kwamiti ya aiko a tambaye shi wa ya sa wayar, ya ce shi ba shi da abin faɗa. Suka rubuta sunansa a cikin waɗanda aka kora har abada, kamar akwai sauran hawa a gabansa.

Alhaji Jaɓɓi ne bai yarda ba. Ya ce shekara huɗu yaron nan yana kwana da damuwar dokinsa, ba zai yi masa haka ba. Wata safiya sai ga shi a rumfarmu da mutum uku na kwamiti da bulalar a naɗe cikin tsumma. Ya ce, "Baba, kai ne babban baduku a ƙasag ga. Ka duba muna, waya daga baya anka soka ta, ko tare anka kitsa?" Ina zaune a gefe da basilla a hannu.

Baba ya sa tabarau. Ya fara duba ƙullin, ya murza shi, ya ga ba a taɓa shi ba tun da ya bushe. Ya ɗauki wuƙa ya yanka shi a hankali. Jelar waya uku suna kwance a ciki. Ya ci gaba da warware kitson zuwa tsakiya, yana jan kowane silin fata, wayar tana biye da shi sama da ƙasa yadda hannun mai kitso ya bi da ita. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe. Da a ce ya ce daga baya aka soka, da ba mai musa masa, don duk cikinsu ba wanda ya san aikin. Ya cire tabarau ya ce, "Tare anka kitsa ta. Kuma mutum biyu ɗai ka yin wanga ƙulli, ni da ɗana. Ni ban yi ba."

Bai dube ni ba. Har 'yan sanda suka zo suka ɗaga fatu suka ciro ledar nan bai dube ni ba. Audu kuwa tun da ya ji an nufi rumfarmu ya tsallaka iyaka, har yau ban sake jin ɗuriyarsa ba. A kotu ban wahalar da kowa ba, na amsa komai. Aka yanke mini shekara shida.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Akwai zafi, akwai ƙwarƙwata, akwai gabza da ake zuba maka kamar ana jin haushinka. Duk wannan jiki yana sabawa. Abin da ba a sabawa da shi shi ne ranar ziyara, a kira sunan kowa ban da naka. Da suka ji ni baduku ne suka kawo mini takalma in gyara, na yi wata uku in na ji warin fata sai amai. Na koma ga sallah da gaske a can, na roƙi Allah gafara har goshina ya yi baƙi. Amma wani malami da yake zuwa yi mana wa'azi ya gaya mini gaskiya, ya ce haƙƙin Allah daban, haƙƙin mutum daban, na biyun sai mai shi ya yafe.

A shekara ta huɗu wani maƙwabcinmu da ya zo ganin ɗansa ya gan ni ta taga, ya ce, "Ashe ba ka ji ba? Baba ya rasu tun da damina." Ya ce tun ranar da ya warware bulalar nan Baba bai sake kitsa wata ba. Ya rufe rumfa ya koma ɗinkin takalma a ƙofar gida, abin da ya samu ya kai gidan Lawali. Na tambaye shi ko ya bar mini wani saƙo. Ya ce shi dai bai ji ba.

Da na fito na tarar da ƙasar ta canja. 'Yan bindiga sun hana hanyoyi, masu dawaki sun sayar ko an kore musu, Alhaji Jaɓɓi ya bar Jangeru. Filin sukuwa ya zama wurin da mutanen ƙauyuka da suka gudo suka kafa bukkoki. Dogon yaro yana nan, majalisa ma tana nan, sai dai yanzu ƙwallo suke gardama a kai, wasu kuma suna zuba kuɗi ta waya. Da na wuce suka kau da kai. Babu ɗaya a cikinsu da yake ganin yana da hannu a abin da ya faru, kuma ba ni da bakin da zan tuna musu.

Kwana uku ina zagaya unguwar kafin na iya yin sallama a gidan Lawali. Rabi ta leƙo, ta tsufa kamar ita ce yayata, hannunta duk ƙunar man awara. Ta dai matsa ta ba ni hanya. Lawali yana zaure a kan tabarma, ƙafafunsa sun zama kamar karan dawa, wata yarinya tana yi masa fifita. 'Yarsa ce, wadda aka haifa ina ɗaure. Ya ce ta shiga ciki.

Na durƙusa, na faɗi duk abin da na shekara shida ina shiryawa. Ya bar ni har na gama. Sannan ya ce, "Baduku, tun ina kwance cikin hilin nan na san kai na. Don Baba da Rabi niy yi shiru." Ya numfasa. "Waya ba ta dame ni ba kamar bakinka. Shekara huɗu ina bisa dokin nan ban taɓa ɗora mai bulala ba. Kai kas sa gari yai ta yi man dariya har nij ji kunya. Na zo wurinka neman shawara, ka tuna? Da hannuna nib buge shi. Kukan nan da yay yi, har yau ina jin shi."

Na ce, "Tsinke, don Allah ka yahe man."

Ya ce kada in sake kiran sa da wannan sunan. Can ya ce, "Gobe Juma'a. Keken ga nawa ba ya tahiya cikin rairayi, Rabi ba ta iya tura shi."

Shekara uku ke nan. Kowace Juma'a ina zuwa in ɗauke shi daga tabarma in sa a keke, ba shi da nauyi ko kaɗan, in tura shi masallaci in dawo da shi. Sauran kwanaki ina faci da ɗinkin takalma a bakin tasha, abin da na samu in raba biyu. In na ajiye shi yakan ce mini sannu. Wani lokaci har yakan tambaye ni kasuwa. Kalmar da nake jira ba ta fito ba, kuma na daina tambaya, don na gane ba ni da ikon matsa masa. Yana tari sosai bana. Tsoron da nake kwana da shi shi ne ɗayanmu ya tafi kafin ya faɗa.

To ku matasa, ga abin da zan ce muku, ko da yake na san mai irin tarihina ba a cika sauraronsa ba. In aka ce ku sa kofin shayi a kan doki ko ƙwallo, ku sayi shayinku da kuɗinku ku sha. In wani mai fara'a ya ce labari kawai yake so, ku tashi daga wurin. In kuna zaune a majalisa ana yi wa mai sana'a gori a kan abin da ya fi ku sani, kada ku ƙara ko kalma ɗaya, domin ba ku san wanda ya kunna maganar ba, ba ku kuma san abin da zai ci da ita ba. Kada wanda ya ce muku ɗan ƙwarzane ne kawai, ba wanda zai ji ciwo. Haka aka ce mini.

Ni na tuba, Allah shi ne shaida. Amma tuba ba ta tayar da Baba ya dube ni ba, ba ta mayar wa Lawali ƙafafunsa ba. In kun ga wani mai furfura yana tura gurgu a keke ranar Juma'a a Ƙaura, kada ku ce Allah ya saka masa da alheri, kamar yadda baƙi suke ce mini. Ni na sa shi a keken.